Kafin Ka Tura Labarin Hari: Yadda Ake Auna Sanarwar Hukuma da Rahoton Kafofin Labarai

Wata ranar Laraba bayan la'asar ina zaune a shagon yayana a Marwa, arewacin Kamaru, sai saƙon murya ya faɗo zauren WhatsApp na danginmu. Namiji ne yake magana, yana haki, wai an shiga wani ƙauye a hanyar Mora an ƙone shi ƙurmus, ko kaza ba a bari ba. Ƙarƙashin saƙon ga hoton bukkoki suna ci da wuta. A ƙauyen nan Yafendo, ƙanwar mahaifiyarmu, take aure. Ban tsaya wata-wata ba na tura wa duk wanda na sani. Kafin magariba maganar ta kai kunnen Inna, ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, sai da aka yayyafa mata ruwa.

Washegari da hantsi muka samu mijin Yafendo a waya. Lafiyarsu ƙalau. An kai hari, amma a wani ƙauye can gaba da su, aka kore shanu aka kwashe hatsi. Hoton kuwa tsoho ne, ba ma na ƙasar nan ba. Abin da ya fi cin raina shi ne, da muka ji namu sun tsira, babu wanda ya ƙara tambayar mutanen ƙauyen da abin ya shafa da gaske.

Tun daga ranar na koya wa kaina wata hanya ta bin labarin hari, ko daga bakin kakakin soja ya fito, ko daga rediyo, ko daga wayar maƙwabci. Ita zan shimfiɗa a nan.

Mataki na farko: riƙe hannunka, ka rubuta abin da aka fara faɗa

Labarin sa'o'in farko rabinsa hayaƙi ne. Daren 8 ga Janairun 2025 aka ji harbe-harbe a kusa da fadar shugaban ƙasa a Njamena, babban birnin Chadi. Rahotannin farko, ta bakin majiyoyin tsaro, sun ambaci Boko Haram. Kafin gari ya waye sosai, kakakin gwamnati na lokacin, Abderaman Koulamallah, ya ce mutum 24 ne ɗauke da wuƙaƙe, kuma da wuya a ce 'yan ta'adda ne. Magana biyu ke nan daga ɓangare guda cikin 'yan sa'o'i. Wanda ya tura ta farko ya riga ya saka mutanen Kuseri da Njamena cikin firgici.

Ka ɗauki hoton allon wayarka, ko ka rubuta a takarda: ƙarfe nawa ka ji, wa ya faɗa, mutum nawa aka ce, a wane gari. Za ka buƙaci wannan daga baya, domin shafuka suna gyara labari ba tare da sun ce sun gyara ba.

Mataki na biyu: ganau ne ko jiyau?

Wannan ita ce uwar tambayoyi. Duk labarin da ya zo maka, bi shi baya-baya har ka iske bakin da ya fara furta shi, sannan ka tambayi kanka ta yaya shi ya sani.

Sau da yawa za ka ga shafuka goma sun kawo labari guda, ka ce ai ya tabbata. Karanta su a tsanake. In duk lamba ɗaya suka kawo, da jimla iri ɗaya, har da kuskuren rubuta sunan gari iri ɗaya, to rijiya guda suka ɗebo. Galibi sanarwar ma'aikatar tsaro ce, ko rahoton kamfanin dillancin labarai guda. Shaidu goma da suka ji daga mutum ɗaya, shaida ɗaya ne.

Ka kuma lura da inda mai rahoton yake zaune. Wanda yake Yawunde ko Dakar ko Paris bai taka Darak ba, bai shiga tsibiran Tafkin Chadi ba. Waya ya buga. In ya rubuta "une source sécuritaire", wato majiyar tsaro, yana nufin wani soja ko jandarma ko jami'i da bai yarda a faɗi sunansa ba. Ba lallai ƙarya ya faɗa ba, amma yana da ɓangare a faɗan, kuma yana da shugaba a samansa. Rahoton da ya haɗa bakin majiyar tsaro da na mazaunin gari da na ma'aikacin asibiti ya fi wanda ya tsaya a baki guda nauyi nesa ba kusa ba.

Kada kuma ka yi saurin zagin 'yan jaridarmu na nan. Ka tuna Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI. An kama shi a Marwa ranar 30 ga Yulin 2015, kotun soja ta yanke masa shekara 10 a Afrilun 2017 ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014, bai shaƙi iskar 'yanci ba sai Disambar 2017 bayan ɗaukaka ƙara. Duk ɗan jaridar da ke aiki a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru ya san wannan labarin. Saboda haka in ka ji rahoto ya yi shiru a kan wani ɓangare, shirun ma yana da dalili, kuma shi ma abin karantawa ne.

Mataki na uku: tsefe kalmomin sanarwa

Sanarwar hukuma a Kamaru da Chadi galibi da Faransanci take fita, mu kuma sai ta bi ta bakin masu fassara kafin ta iso mu. A hanya abubuwa suna zubewa.

Kalmar "neutralisés" ita ce ta fi yawo. Ba ta ce an kashe ba, ba ta ce an kama ba, ba ta ce an raunata ba. An zaɓe ta ne don ta rufe duka ukun. In mai fassara ya ce "an hallaka", ya ƙara abin da sanarwar ba ta faɗa ba. "Présumés" kuwa tana nufin waɗanda ake zargi, amma kafin labarin ya iso rumfar mai shayi, zargin ya faɗi a hanya, sun zama "'yan Boko Haram" kawai. "Bilan provisoire" na nufin ƙidayar wucin gadi, wato jira, za ta canza. In ka ji "repli tactique", janyewar dabara, tambayi wa ya kwana a sansanin daren nan.

Dubi kuma yadda aka gina jimlar. "Mutum bakwai sun rasa rayukansu a musayar wuta" daban yake da "an kashe mutum bakwai". Ta farko ta ɓoye hannun da ya yi harbi. Duk inda ka ga mutane sun mutu babu mai kisa a jimlar, ka ja layi a ƙarƙashi.

Sunan Boko Haram ma ya zama bargo da ake lulluɓa wa kowace ɓarna. Tun 2016 ƙungiyar ta rabu biyu, ɓangaren Shekau da ɓangaren ISWAP, kuma suna yaƙar juna. Ban da su akwai zargina masu tare hanya da sace mutane, akwai ɓarayin shanu, akwai rikicin ruwa da makiyaya. Faɗan da ya tashi a yankin Logone-Birni a Agusta da Disambar 2021, wanda ya kai har Kuseri ya kori dubban mutane zuwa Chadi, tsakanin Larabawan Shuwa makiyaya ne da Musgum masunta da manoma. Wanda ya kira shi ta'addanci ya ɓatar da mutane daga tushen matsalar.

Mataki na huɗu: lambobi

Nan ne nake so mu daɗe, domin nan aka fi yaudararmu.

Ranar 23 ga Maris ɗin 2020 aka kai wa sojojin Chadi hari a Bohoma, a yankin Tafki. Marigayi Idriss Déby, shugaban Chadi na lokacin, da kansa ya je wurin, ya ce an kashe sojoji 92, daga baya adadin ya kai kusan 100. A ganina wannan lamba ce mai nauyi, domin shugaba ba ya ƙara yawan asarar sojojinsa don jin daɗi, kuma kowane soja yana da suna a rajista, yana da iyalin da za su nemi gawarsa. Bayan nan rundunar ta ƙaddamar da farmakin ramuwa, ta ce ta kashe mayaƙa 1,000, ta rasa sojoji 52. Dubi lambobin nan biyu. Ɗaya ƙidaya ce, ɗaya kintace ne. Wa ya bi tsibirai da fadamu yana ƙirga gawa har ta cika dubu cif? Duk lambar da ta zo a dunƙule, ɗari ko ɗari biyar ko dubu, musamman in ta abokan gaba ce, ka ɗauke ta a matsayin iƙirari.

Bayan farmakin aka kawo mutum 58 Njamena a matsayin waɗanda ake zargi. A tsakiyar Afrilu aka iske 44 daga cikinsu sun mutu a ɗakin da aka tsare su. Bayanin farko na mai gabatar da ƙara ya karkata ga guba, alhali gawa huɗu kaɗai aka bincika. A Agustan shekarar, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar Chadi, wadda ita ma hukumar ƙasa ce, ta ce cunkoso da zafi da ƙishirwa ne suka kashe su. Wanda ya tsaya a sanarwar Afrilu bai taɓa jin wannan ba.

Haka a Ngarbuh, a yankin Arewa maso Yamma na Kamaru, ranar 14 ga Fabrairun 2020. Hukuma ta fara cewa haɗari ne, jarkokin mai suka fashe ana musayar wuta, mutum biyar suka mutu. Human Rights Watch ta ce fararen hula 21 aka kashe, 13 daga cikinsu yara. A Afrilu fadar shugaban ƙasa ta amsa cewa sojoji da 'yan banga sun kashe mata uku da yara goma. Zanga-zangar 20 ga Oktoban 2022 a Chadi ma haka: gwamnati ta fara cewa kusan 50, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ce 128, ƙungiyoyin kare haƙƙi masu zaman kansu suka ce 218.

To me za ka yi in lambobi sun saɓa? Kada ka raba tsakiya ka ce gaskiya tana nan. Tambayi kowace lamba yadda aka haife ta. Akwai jerin sunaye? An faɗi shekarunsu da unguwanninsu? An ƙirga kaburbura ne, ko gawarwakin da suka isa asibiti kaɗai? Mu nan ba ma kwana da gawa, yau aka rasu yau ake sallah a binne. Jami'in da ya iso bayan kwana biyu ba zai ga komai ba sai sabuwar ƙasa. Limamin da ya ja sallah da samarin da suka haƙa kabari sun fi shi sanin adadi. Akwai kuma waɗanda suka gudu daji da rauni suka mutu a can, da waɗanda aka tafi da su, da waɗanda ruwa ya ci suna ƙoƙarin ƙetarewa. Lambar da ta zo da sunaye ita nake fara saurare.

Ma'aunin nan dai shi za ka ɗora wa masu ɗauke da makamai. Su ma suna da masu yaɗa musu farfaganda, suna kumbura yawan sojojin da suka kashe, suna ɓoye matan da yaran da suka hallaka a kasuwa da masallaci.

Mataki na biyar: hoto da bidiyo

A Yulin 2018 wani bidiyo ya karaɗe duniya, ana ganin masu kakin soja sun tasa mata biyu da yara biyu, suka rufe musu ido suka harbe su. Ministan sadarwan Kamaru na lokacin, Issa Tchiroma Bakary, ya ce labarin ƙarya ne. Masu bincike na BBC da Amnesty da wasu 'yan sa-kai ba su tsaya musu da baki ba. Sun ɗauki layin tsaunin da ke bayan mutanen suka gwada da hotunan tauraron ɗan Adam har ya dace da wani wuri kusa da Zelevet, a Mayo-Tsanaga. Sun duba gine-ginen da ke tsaye da waɗanda ba a gina ba tukuna, suka gane shekara. Sun auna inuwar sojojin a ƙasa suka ce tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilun 2015 aka yi abin. Sun gane bindigar, Zastava M21 ƙirar Sabiya. A Agustan 2018 gwamnati ta sanar da kama sojoji bakwai, a Satumbar 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure huɗu shekara goma-goma, ɗaya shekara biyu, ta sallami biyu.

Kai da ke zaune a ƙasar nan kana da abin da waɗancan masu binciken suka sha wuya kafin su samu: ka san wurin. Yi amfani da shi.

Fara da ƙasa da sama. Akwai duwatsu irin na Mandara, ko fili ne shimfiɗe irin na Logone? Ciyawa kore ce shar alhali an ce jiya aka ɗauka kuma muna cikin Maris? Akwai hazon hunturu? Sai kunne: wane harshe ake yi a bayan fage, Fulatanci, Barbarci, Larabcin Shuwa, Mandara, Mafa? Sojan yana ba da umarni da Faransanci ne ko da Turancin Najeriya? Amma ka sani ana iya cire murya a ɗora wata, don haka dubi ko motsin baki ya dace da abin da kake ji. Sai ƙananan abubuwa: lambar mota, rubutun jikin shago, tallan kamfanin waya, irin ginin rumbu.

Daga nan ka tsayar da bidiyon a inda hoto ya fito sarai, ka ɗauki hoton allo, ka saka a Google Lens ko TinEye. Za su nuna maka inda hoton ya taɓa fitowa. Da na yi haka ranar Larabar nan, da Inna ba ta faɗi ba. In intanet ɗinka yana da ƙarfi, buɗe Google Earth ka gwada tsauni da hanya. Ka kuma leƙa shafukan masu tantance labari irin su AFP Factuel da PesaCheck, wataƙila sun riga ka. Yanzu har da hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira, saboda haka in ka ga hoto ya yi kyau fiye da kima, rubutun jikinsa a hargitse, kuma babu wani hoto na biyu daga wani gefe, ka ajiye shi.

Mataki na shida: kira wanda yake kusa, amma kada ka jefa shi a wuta

Direbobin tasha, dillalan shanu, masu kawo kifi daga Tafki, ma'aikatan ƙaramin asibiti, sukan san abu kafin rediyo. Fara da gaisuwa da jaje, sannan tambaya a hankali. "Baffa, da idonka ka gani ko faɗa maka aka yi?" "Yaya, ka je jana'izar? Sahu nawa aka jera?" "Ta wace hanya suka shigo, da ƙarfe nawa?" Tambayi mutum biyu da ba su san ka tambayi ɗayan ba.

Kada ka tambayi inda sojoji suke ko yawansu. Kada ka ɗauki muryarsa ka tura. Kada ka ambaci sunansa ko sana'arsa a zaure, domin a ƙaramin ƙauye "wani mai gyaran babur" suna ne. Shi zai kwana a can tsakanin masu bindiga biyu, kai kana birni.

Ka tuna kuma mutumin gari ma ɗan Adam ne. Ɗan kwamitin sa-ido, wato 'yan sintirin ƙauye, yana so a ga ƙoƙarinsu. Wani yana da tsohuwar rigimar gona da maƙwabcinsa, kalmar "ɗan Boko Haram" kuwa ta sha zama makamin ramuwa. In aka kira sunan mutum ko ƙabila, ninka taka-tsantsan.

Mataki na bakwai: koma baya

Bayan mako biyu, bayan wata uku, ɗauko takardar nan ta mataki na farko ka gwada da abin da ya bayyana. Sau nawa aka sanar da mutuwar Shekau kafin ya mutu da gaske a Mayun 2021? A ƙauyukan Magdeme da Double da ke arewacin Kamaru, a ƙarshen Disambar 2014, jami'an tsaro sun kwashe maza sama da 200. Sai bayan watanni hukuma ta amsa cewa 25 sun mutu a tsare, Amnesty kuma ta ce fiye da 130 ba a san inda suke ba. Irin wannan ba ya fitowa a labaran ƙarfe shida na ranar da abin ya faru. In ka riƙa komawa, da kanka za ka gane wace kafa ce take gyara kuskurenta a fili, wace ce take sharewa ta wuce.

Wani rami da nake roƙonka kada ka faɗa

Na san mutanen da suka fara da tambaya mai kyau suka ƙare da cewa komai shiri ne, babu wani Boko Haram, duk wasan Turawa ne. Wannan ba bincike ba ne, sauya maƙaryaci ne kawai. Bama-baman da suka tashi a Marwa a Yulin 2015, da na babbar kasuwar Njamena a watan nan dai, mutanenmu suka ci, mun san gidajen da aka yi zaman makoki. Sojojin da ke mutuwa a Kolofata da Fotokol 'ya'yan talakawa ne. Wanda ya ce maka "ga gaskiyar da suke ɓoyewa", shi ma tambaye shi: ganau ko jiyau? A Disambar 2020 Facebook ya rufe shafukan bogi da ya ce wasu suna da alaƙa da mutanen rundunar sojan Faransa, wasu kuma daga Rasha ake sarrafa su, duk suna shigar 'yan Afirka suna kokawa a kan tunaninmu. Shafin da ke faɗa maka abin da ranka yake so kullum, shi ya fi cancanta ka bincika.

In za ka yi magana

Doka ba ta wasa a nan. Dokar laifukan intanet ta Kamaru ta 2010 ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba. A 2016 kotun soja ta ɗaure wasu samari uku shekara goma saboda saƙon barkwanci a kan Boko Haram da suka tura wa juna. A Chadi an toshe shafukan sada zumunta daga Maris ɗin 2018 zuwa Yulin 2019. Kada ka sauke bidiyon farfagandar mayaƙa a wayarka, ko da niyyar bincike ce, domin a shingen hanya ba za a tambaye ka niyya ba. Kada ka yaɗa hoton gawa, uwar mamacin tana iya kasancewa a zauren.

In dole ka sanar da dangi, raba maganarka uku: abin da ka tabbatar, abin da aka ce, da abin da ba a sani ba tukuna. Misali: "Na yi magana da wani a garin, an yi harbi da asuba. Rediyo ta ce mutum huɗu, ban tabbatar ba. Hoton da ke yawo tsoho ne, kada a tura." In babba ne ya tura ƙarya, kada ka ƙaryata shi a gaban jama'a. Kira shi gefe: "Alhaji, Allah ya ƙara girma, hoton nan na duba na ga na shekarun baya ne, ko za a cire?" Yawanci sukan cire. In kai ne ka yi kuskuren, koma duk inda ka tura ka gyara da bakinka, ɗaya bayan ɗaya. Ni ranar Alhamis ɗin nan mutum goma sha bakwai na kira, na ƙarshensu wani kawuna ne a Garwa da ya riga ya sayi tikitin mota zai taho ta'aziyya.